Layi ɗaya da ya ɓace a takardar Baba

Jama'a, assalamu alaikum. Rubutun yau mai tsawo ne, ku yi haƙuri da ni. Shekaranjiya a fadarmu ta bayan la'asar, nan unguwar Zariya, wani ƙanena ya ce mini: "Yaya, kai da ka san halin da ƙasa ke ciki, me ya sa har yanzu kake bin mutane da zancen lambar yabon Faransa? Sojojinsu sun tattara sun tafi, sai mu koma roƙon ƙarfensu?" Kafin in buɗe baki aka kira magariba, kowa ya tashi. Amsar da ban ba shi ba ce wannan.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne. Duk unguwa Ansiyan ake ce masa, wato tsohon soja da Faransanci, har yara da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Yana saurayi aka ɗauke shi daga ƙauyenmu can wajen Madarunfa, ba da son ransa ba. An ce wa mai gari ya kawo samari kaza, shi kuwa maraya ne, ba mai tsaya masa. Aka sa masa jar hula, aka kira shi tirayar na Senegal alhali ko sunan Senegal bai taɓa ji ba. Haka rundunar take amsa suna tun da Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, ya kafa ta a 1857, ko daga Gobir ka fito ko daga ƙasar Mosi. Ya yi yaƙin Indoshin, wato yankin Vietnam na yau da maƙwabtanta, ya yi na Aljeriya, ya dawo da tabo a kafaɗar hagu wanda ke hana shi barci duk lokacin hunturu.

Labari ɗaya yake yawan ba mu. A wata fadamar shinkafa aka yi musu kwanton ɓauna. Harsashi ya sami abokinsa, wani Bazabarme, a cinya. Baba ya goya shi cikin ruwa har ƙirji, shi ma jini na zuba a kafaɗarsa, ya kai shi inda motar ɗaukar marasa lafiya take. Bayan kwanaki hafsansu ya same shi a gadon asibiti ya ce an rubuta sunansa, an ba shi abin da Baba ke kira kurwa-da-ger, wato lambar bajinta ta Croix de guerre. Ba a kai ga maƙala masa ita ba. Daga asibiti aka sa shi a jirgin ruwa, aka sauya masa runduna. Da ya bar aiki aka miƙo masa ɗan littafinsa na soja, wanda bai iya karantawa ba, sai daga baya wani malamin makaranta ya duba ya gaya masa babu wannan magana a ciki.

To kun san mutanenmu. Tsohon soja ya fara labari, sai samari su ƙifta wa juna ido. Wata rana a ƙofar masallaci wani dattijo sa'ansa ya ce masa, da sigar wasa: "Ansiyan, in da gaske ne ina lambar? Kai dai dankali ka feraye wa Nasara." Aka yi dariya. Baba ya sa takalminsa ya wuce gida. Tun daga ranar bai sake ba da labarin nan ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ina ɗan shekara goma sha biyu lokacin, ina tsaye a wurin, kuma ni ma shakka ta shige ni. Wannan shakkar tana cikin abin da nake nema wa gafara har yau.

Bayan sadakar arba'in muka buɗe adakarsa. Gara ta cinye rabin abin da ke ciki. Na ɗebo tarkacen zan kai bola, Inna ta riƙe mini hannu ta ce: "Ɗan nan, kar ka zubar. Mahaifinku ba ya ƙarya." Cikin abin da ya tsira akwai bangon littafin, da lambar matirikil ɗinsa, wato lambar rajistarsa ta soja, a jiki, da shekarar da aka ɗauke shi. Wannan lambar ita ta zama igiyar da na bi.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin yake tafiya, don a nan ne yawancin iyalai ke ɓata hanya. A sojan Faransa, idan mutum ya yi bajinta, hafsansa zai rubuta rahoto, kwamanda ya fitar da umarni mai lamba da kwanan wata, a ambaci sunansa da abin da ya yi. Wannan ambaton shi ne asali, ƙarfen da ake ratayawa alama ce kawai. Girman wanda ya sa hannu shi ke nuna abin da za a ɗora a kan zaren lambar: tauraron tagulla idan a matakin rejima ko birged ne, na azurfa idan dibizon ce, mai ruwan zinare idan sama da haka, ganyen dabino kuma idan daga ƙololuwar runduna ne. Waɗanda suka yi Indoshin, Croix de guerre ta yaƙin ƙetare ake ba su, wadda aka ƙirƙiro a 1921. Waɗanda suka yi Aljeriya kuwa Croix de la Valeur militaire, wadda aka fara a 1956. Akwai kuma lambobin tunawa da ba sai an yi bajinta ba: ta Indoshin, wanda ya yi kwana 90 a can ya cancance ta. Bayan an fitar da umarnin, sai magatakarda ya kwafe shi cikin fayil ɗin sojan. A wannan kwafin ne ake yin asara. Mutum yana asibiti, ko an tura shi wata runduna, ko yana cikin teku tsakanin Saigon da Marsai, takarda ta bi wata hanya shi ya bi wata.

Sai kuma matsalar suna, wadda ta fi kowace cin mutanenmu. Magatakarda da kunne yake rubutu. Mahaman ɗaya zai zama Maman a wannan takarda, Mamane a waccan, Mahamane a ta uku. Wani a sa masa sunan uba, wani sunan ƙauye, wani laƙabi. Ranar haihuwa kuwa babu, sai dai a dubi haƙora da tsawo a rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Har akwai waɗanda aka tura da sunan ɗan wani mai hali, suka yi yaƙin suka dawo da sunan da ba nasu ba. Shi ya sa nake gaya wa kowa, kar ka nemi kakanka da suna kaɗai. Nemi matirikil, da shekarar ɗauka, da inda aka ɗauke shi.

Na fara da wani ofishi a nan gida. Sau huɗu ina zuwa ana cewa in dawo, a ƙarshe wani tsohon ma'aikaci mai kirki ya rubuta mini sunan gari a bayan ambulan: Pau. A wannan gari na kudancin Faransa, a barikin Bernadotte, akwai cibiyar da ke ajiye fayilolin sojoji, har da na 'yan ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, kuma a can ake ajiye kundin ambaton bajinta. Littattafan da kowace runduna ke rubuta tafiyarta da faɗanta na kullum suna Vincennes, kusa da Paris. Bayanan waɗanda suka mutu ko aka kama fursuna a yaƙin duniya suna Caen. Takardar da ake nema sunanta da Faransanci état signalétique et des services, wato taƙaitaccen tarihin aikin soja tun daga ranar shiga har ranar fita. Na haɗa takardar rasuwar Baba da tawa ta haihuwa don shaida ni ɗansa ne, na aika.

Amsar farko ta zo bayan watanni. Ga Indoshin, ga Aljeriya, ga kwanan asibiti, amma babu ambaton. Ban ga laifin masu amsar ba, abin da ke cikin fayil suka kwafo. Amma kwanan asibitin nan ya ba ni wata da shekara, takardar kuma ta ba ni lambar rundunarsa. Na sake rubutawa, na ce a duba kundin ambato na wannan runduna a wannan wata, a bi matirikil, a bar suna. Damina biyu ta wuce kafin ambulan na biyu ya iso. A ciki akwai kwafin umarni, layi huɗu da keken rubutu. An rubuta sunan Baba da harafi biyu da ba nasa ba, matirikil kuwa nasa ne cif. Yana cewa ya ɗauko abokinsa da ya ji rauni ƙarƙashin wuta, shi ma yana da rauni. Tauraron tagulla. Tare da shi akwai sabuwar takardar aiki, an ƙara layin da ya ɓace.

Na karanta wa Inna, na fassara mata. Ta ce in sake. Na sake. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta shiga ɗaki ta daɗe.

Ƙanena, ga amsarka. Ƙarfen ban roƙa ba, ba ma su ke ba da shi ba, wanda ya cancanta shi ke sayen abinsa. Kuɗi ma ba su ne ba. Babbar lambar ƙananan sojoji, Médaille militaire, abin da ake biya a kanta a shekara Yuro 4.57 ne, bai cika jika uku ba. Amma irin wannan ambaton yana cikin abin da ake dubawa kafin a ba da ita, kuma ba a ba wanda ya mutu a kan gadonsa bayan shekaru. Kuskuren magatakarda guda ya raba Baba da ita har abada. Abin da na nema shi ne shaida. An ƙaryata mutum a ƙofar masallaci, ya haɗiye, ya mutu da abin a ransa, gaskiyarsa kuwa tana kwance cikin wani kwali a ƙasar wasu. Mai bin bashi ba maroƙi ba ne. In muna maganar 'yancin kai da gaske, ai wannan kwalin yana cikin abin da ya kamata mu ce a ba mu.

Kuma duk wanda ya san tarihin fanshon tsofaffin nan ya san ba a taɓa ba su komi don sun yi shiru ba. Dokar kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ce ta daskarar da fanshonsu daidai inda yake ranar da ƙasashensu suka sami 'yanci, na takwarorinsu Faransawa kuwa yana ta hawa. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. Sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 28 ga Mayu 2010 aka daidaita abin daga farkon 2011, wani ɓangaren ma sai wanda ya rubuta ya nema. Baba bai kai wannan shekarar ba. Ku dubi Thiaroye kuma, kusa da Dakar, inda aka buɗe wa tirayar wuta ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu bayan sun fito daga hannun Jamus. Wani rahoton soja ya ce mutum 35, wani ya ce 70, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Akwai wanda aka kashe a wurin aka rubuta a takardarsa wai ya gudu daga soja. Sai a 2024 aka amince shida daga cikinsu sun mutu ne a bakin aikin Faransa, a shekarar ce kuma shugaban Faransa Macron ya rubuta kalmar kisan kiyashi. Shekara 80. 'Ya'ya da masu bincike da ba su gaji ba su suka kawo haka.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Mutanen da aka tura su Baba su yaƙa, 'yanci suke nema kamar yadda mu ma muka nema, na Aljeriya kuwa 'yan uwanmu Musulmi ne maƙwabta. Baba bai taɓa ba da labarin Aljeriya ba ko sau ɗaya. In an ambace ta sai ya ja carbinsa. Ba na son a wanke wannan daga takardarsa, kamar yadda ban so a bar goyon abokinsa a waje ba. A rubuta duka, da mai daɗi da mai ɗaci, jikokinsa su karanta su san abin da aka sa maraya ya yi da abin da ya yi da kansa. Sojojinmu na ƙasa da aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961 ma daga cikin irin waɗannan mutanen aka gina su. Janar Seyni Kountché kansa ya yi Indoshin da Aljeriya. Tarihinsu namu ne ko mun so ko mun ƙi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu shi ne na yau. Tun 2015 yaranmu suke faɗuwa a Bosso da tsibiran tafkin Chadi. A Inates ranar 10 ga Disamba 2019 mun rasa soja 71, wata guda bayan nan a Chinagodar mun rasa 89. Cikin waɗanda suka tsira akwai masu goyon abokansu kamar yadda Baba ya yi. Ina roƙon duk hafsan da ya ga bajintar yaronsa ya rubuta ta a makon, ya bi ta har ta shiga fayil, da suna daidai da matirikil daidai. Ina roƙon sojan da kansa ya nemi kwafi ya ba matarsa ko mahaifiyarsa ta ajiye. Ina kuma fatan hukumominmu su nemi kwafin fayilolin duk 'yan Nijar da ke Pau da Caen a kawo su gidan adana tarihi na ƙasa a Yamai, yadda aka miƙa wa Senegal kwafin takardun Thiaroye a 2014. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Janairun 2024, talaka daga Dakoro ko Mayahi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai wasiƙa ko intanet, ga Faransancin ba kowa ke da shi ba.

Maƙwabciyarmu, tsohuwa, ta kawo mini wata 'yar takarda ta mijinta makon jiya, ruwa ya taɓa ta, amma matirikil ɗin yana karantuwa. Mun rubuta wasiƙar, jikanta ya ɗauki hoton komi da waya. Duk wanda ke da irin wannan a adakar gidansu, ko bango ne kawai, ko hoto mai rubutu a baya, ya same ni a fada ranar Asabar bayan la'asar mu duba tare. Ku naɗo ta cikin leda, kar ku goge ta da ruwa, kar kuma ku manna ta da gam.