Shugabancin ƙaramar sakandare ba wurin jiran furomoshin ba ne

Akwai wata tambaya da nake yawan yi wa malaman makaranta idan hira ta yi nisa, nakan ce musu a cikin duk shugabannin da kuka yi aiki ƙarƙashinsu, wanne ne ya zo ƙaramar sakandare don yana sonta, ba don an turo shi ba? Sau da yawa sai mutum ya yi shiru yana lissafi, ƙarshe ya kawo sunan mutum ɗaya, wani lokacin ma babu ko ɗaya. Wannan shirun shi ya sa na ɗauki biro yau.

Makarantar tsakiya nake magana, wadda ke tsakanin firamare da babbar sakandare, inda yara 'yan shekara 11 zuwa 14 ko 15 suke. Kowace ƙasa da sunan da take kiranta, wasu su ce ƙaramar sakandare, Faransa da ƙasashen da suka bi tsarinta su ce koleji, amma yaran dai iri ɗaya ne ko'ina. Jiki yana canzawa, murya tana fashewa, yaron da jiya yake rige-rigen ɗaga hannu a aji yau ya koma kujerar baya yana jin kunyar a ga ya yi kuskure, maganar aboki ta fi ta uwa da uba nauyi a kunnensa. Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi tunanin abin da zai biyo baya, bai gama nuna ba sai mutum ya haura shekara ashirin, alhali ɓangaren son burgewa da saurin fushi tuni ya farka. To mutumin da za a ba ragamar ɗaruruwan irin waɗannan yara, ta wace hanya yake zuwa kujerar?

Hanyar kusan ɗaya ce a yawancin wurare. Malamin aji ne, ya yi shekaru, aka ba shi shugaban sashe, daga nan mataimakin firinsifal, rannan sai takarda ta fito an ba shi makaranta. Ko dai don ya fi kowa daɗewa, ko don ya iya koyarwa sosai. Dukkansu biyun ba laifi ba ne amma ba su ne aikin ba. Tun 1969 Laurence Peter ya yi bayanin yadda ma'aikatu ke ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi matakin da bai iya ba sannan a bar shi a nan, kuma wallahi babu inda maganar ta fi zama daidai kamar makaranta. Ka cire gwanin lissafi daga aji, yara sun yi asarar malami, ka ajiye shi a ofis gaban fayil da kasafin kuɗi da rigimar malamai da iyaye masu fushi ba tare da an koya masa ko ɗaya ba, sannan ka dawo kana mamakin yadda ya rikice.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ƙaramar sakandare an mayar da ita tsani. Mutum yana zaune a kujerar amma idonsa na kan babbar sakandare ko ofishin ma'aikatar ilimi, saboda can ne ake ganin girma, can ne jarrabawar fita take wadda jaridu ke bugawa. Sai ya yi shekara biyu ko uku yana lallaɓawa kar wani abu ya ɓaci a hannunsa, ya tafi, wani ya zo da nasa sabon tsarin. Yaron da ya shiga aji ɗaya zai iya ganin shugabanni biyu kafin ya fita, malamai kuwa sun koyi darasi, duk sabon tsarin da aka kawo sai su ce a bar shi, shi ma zai wuce.

Kuma fa ita wannan makarantar asalinta don gyara aka ƙirƙiro ta. A Amurka an buɗe ƙaramar sakandare ta farko a Columbus ta jihar Ohayo a 1909, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta zama babbar sakandare ce kawai aka rage wa tsawo, kararrawa ta buga malami ya fita wani ya shigo, yaro ya ga malamai bakwai a rana babu wanda ya san shi. Shi ya sa a 1963 William Alexander ya tsaya a wani taro a jami'ar Cornell ya ce a sake lale, a gina makarantar tsakiya da za ta dace da shekarun yaran, malamai su yi aiki a ƙungiya suna riƙe da rukunin yara ɗaya, kowane yaro ya samu babba guda da ya san halin da yake ciki. Daga baya Jacquelynne Eccles da abokan aikinta suka bi yara daga firamare zuwa wannan mataki suka ga sha'awar karatu tana faɗuwa, kuma suka ce ba balaga kaɗai ke jawo hakan ba, makarantar ce ke ƙara matsi da rage kusanci daidai lokacin da yaro ya fi buƙatar a saurare shi a kuma ba shi ɗan zaɓi. Shugaban da bai san wannan ba zai yi ta hukunta yara kan abin da tsarin makarantarsa ne ya haifar.

Yanzu maganar falsafa. Kusan kowane firinsifal yana da jimla mai daɗi da aka rubuta a bango ko a allon bakin get, tarbiyya da ilimi, gina shugabannin gobe, da sauransu. Ni ba na karanta falsafar shugaba a bango. Taimtebul nake dubawa. Wa ya ba aji ɗaya, ƙwararrun malamai ko sababbin da aka kawo jiya? Domin mafi yawa ana tara gwanaye a ajin jarrabawa a bar 'yan aji ɗaya, waɗanda suka fi kowa ruɗewa, a hannun wanda shi ma yana neman hanya. Akwai lokacin da aka ware wa malamai su zauna tare su tattauna yara, ko sai mitin na sanarwa kawai? In yaro ya yi kwana uku bai zo ba wa zai fara lura? Lokacin tara shugaban yana ina, cikin yara ko bayan tebur? Amsar waɗannan ita ce falsafarsa ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in kawo mutum biyu da suka yi hannun riga a ra'ayi. Deborah Meier ta fara ne da koyar da 'yan naziri a Chicago, ta kafa firamaren Central Park East a unguwar Harlem ta gabas a New York a 1974, sannan a 1985 ta buɗe sakandarenta wadda ke ɗaukar yara tun daga aji bakwai, wato daidai da aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wurinmu. Ita ta yi imani da ƙaramar makaranta, kowane malami yana da ɗan rukunin yara da yake bi sau da ƙafa har ya san gidajensu, kuma yaro yana kare aikin da ya yi a gaban kwamiti maimakon a dogara da jarrabawa kaɗai. Ita kuwa Katharine Birbalsingh ta koyar a makarantun gwamnati na Landan, a 2010 ta fito a taron jam'iyyar Conservative ta soki yadda tarbiyya ta lalace a makarantu, abin ya jawo ta bar aikinta, a 2014 ta buɗe makarantar Michaela a Wembley. Can doka ce tsantsa, ba a surutu a baranda, ƙaramin laifi yana da hukunci, malami ne a gaba yana koyarwa yara suna bi, kuma sakamakon makarantar wajen ci gaban ɗalibai ya kai sahun farko a Ingila.

In ka sa su a ɗaki ɗaya ba za su daidaita ba, kuma ni kaina zuciyata ta fi karkata wajen Meier, don ina ganin ɗan shekara 13 yana buƙatar wurin da zai yi tambaya ya yi gardama cikin ladabi, ba bin umarni kaɗai ba. Amma ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, yaron da makarantarsa ta zama kasuwa, manya na cin zalin ƙanana, malami ba ya iya gama jimla, shi ma an zalunce shi, kuma doka mai tsauri rahama ce a gare shi. Abin da nake so a lura shi ne abin da matan nan biyu suka haɗa. Duk sun fito daga aji, duk sun zaɓi aikin da kansu, sun zauna shekaru masu yawa, kuma in ka tsayar da kowane malami a makarantarsu zai faɗa maka me ake yi da dalilin yinsa. Mafi munin makaranta ba mai tsauri ba ce ba kuma mai sassauci ba ce, ita ce wadda dokar Litinin daban ta Alhamis daban, ya danganta da yanayin da oga ya tashi. Yaran wannan shekaru kuwa ba abin da suke ganowa da wuri kamar rashin adalci.

Wani zai ce ai malami shi ne komai, shugaba takarda kawai yake sa wa hannu. Bincike bai goyi bayan haka ba. Kenneth Leithwood da abokansa a 2004 sun ce cikin abubuwan da ke cikin makaranta, in ka cire koyarwar aji babu abin da ya kai shugabanci tasiri ga karatun yara. Viviane Robinson ta jami'ar Auckland kuma a 2008 ta tattara bincike da dama ta ga aikin shugaba da ya fi tasiri shi ne ya jagoranci ƙarin ilimin malamansa kuma ya zauna a ciki tare da su yana koyo, ba ya buɗe taro ya fice ba. Hankali ma zai ba ka haka, malami nagari yana gyara aji ɗaya, shugaba shi ke sa malamin ya zauna ko ya nemi canji.

Wani kuma zai ce hannunsa a ɗaure yake, manhaja daga sama, kuɗi daga sama, malamai ma turo masa ake yi. Wannan gaskiya ne kuma ba na raina shi. Akwai abubuwan da sai hukuma, misali lokacin shiga makaranta, likitocin yara na Amurka tun 2014 suka ba da shawarar kada a fara darasi kafin 8:30 saboda barcin matasa yana jinkirta, kuma sai da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 kafin aka hana makarantun tsakiya na jihar farawa kafin ƙarfe 8. Amma raba malamai ga azuzuwa, da shiga aji ya zauna a baya ya kalli darasi, da kiran uba don a faɗa masa abin kirki da ɗansa ya yi ba sai ya yi laifi ba, waɗannan ba sa jiran sa hannun kowa.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci ba sa barinsa ga sa'a. A Faransa yawanci sai ka ci jarrabawar gasa ta musamman kafin ka shiga sahun masu shugabantar koleji. Ingila ta kawo takardar ƙwarewar shugabancin makaranta a 1997, ta wajabta ta a 2009, sannan ta sassauta a 2012. Wanda ya fi burge ni shi ne na Singafo, inda aikin malanta ya rabu hanya uku, ta koyarwa, ta shugabanci, da ta ƙwararru kan manhaja da bincike. Gwanin aji zai iya hawa har ƙololuwa da albashi mai kyau bai bar allo ba, wanda aka hango yana da baiwar shugabanci kuma a cire shi daga aiki na kusan wata shida a horar da shi kafin a miƙa masa makaranta. Kaga an raba son ƙarin girma da son shugabanci, ba sai mutum ya karɓi kujerar da ba ya so don kawai ita ce hanyar ƙarin albashi ba.

Abin da zan ƙara a kai, wanda ban ga ana yawan yi ba, shi ne a daidaita darajar shugaban ƙaramar sakandare da ta na babba, a matsayi da albashi, ta yadda wanda ya iya da 'yan shekara 12 ba zai ga zamansa a nan a matsayin an manta da shi ba. A bar shi ya yi aƙalla shekara biyar ko shida, ya ga rukuni biyu sun shiga sun fita a hannunsa. Kuma ranar intabiyu, kafin a tambaye shi satifiket nawa ya tara, a miƙa masa jerin malamai da jerin azuzuwa a ce ya raba su, sannan ya yi bayanin wa ya ba aji ɗaya da dalilinsa.