Gane-gane ya kawo tambaya, fenti ya ba da amsa

Akwai wani nau'in littafi da ake yawan saye a nan Turai: soyayya ce, ga wani tsohon zane da ke ɓoye da asiri, ga jaruma da ke gane-gane duk sanda ta taɓa shi. Mai karatun littattafanmu na Hausa ba zai ga baƙon abu ba, don mafarki da aljanu sun cika namu. Bambancin yana wurin wanda ke warware ƙullin labari.

A namu, sau da yawa mafarki ne ke nuna fuskar mai laifi, ko malami ya duba ya faɗi sunansa. Daga nan bincike ya mutu, saura kuka da biki. Marubutan Turai da suka iya aikin ba sa ba gane-gane wannan iko. Jaruma za ta ga abu ɗaya tak, a ce hannun mace da zobe a inda zanen ke nuna labule. Sai an kai zanen ɗakin gwaji, hoton X-ray ya fito da hannun a ƙarƙashin fenti, kafin kowa ya yarda da ita. Hakan na faruwa da gaske: a 2008 masana suka fito da kan wata mace da shahararren mai zane Van Gogh ya shafe, ya zana ciyawa a kai.

Fenti kansa shaida ne. Shuɗin fenti da ake kira shuɗin Prussia a Berlin aka samo shi wajajen 1706, saboda haka zanen da aka ce na 1650 ne, in an same shi a asalin fentinsa, jabu ne. Farin fenti na titanium bai bazu a kasuwa ba sai wajajen 1920, kuma shi ya tona asirin mai zanen jabu Wolfgang Beltracchi a Jamus, wanda ya sa shi a zanen da ya ce na 1914 ne. A 2011 aka yanke masa shekara shida. Ana ƙirga zoben katakon da aka yi zane a kai a ƙiyasta lokacin da aka sare itacen. Ana bin takardun mallaka hannu zuwa hannu, kuma giɓin 1933 zuwa 1945 shi ake fara tuhuma saboda kwasar zane-zane da 'yan Nazi na Jamus suka yi. A ganina gane-gane uku ko huɗu sun isa littafi guda, kowanne da hujjar da za a riƙe a hannu. Soyayyar kuma ta fi kama jiki idan saurayin ne zai yi asara ranar da gaskiyar zanen ta fito.

Amma akwai inda muka fi marubutan Turai, kuma ina faɗa da gaske. Da yawansu kunyar gaibu suke ji, sai a babin ƙarshe su mayar da komai ciwon ƙwaƙwalwa, mai karatu ya ji an yaudare shi. Marubucin Hausa ya san gaibu yana da ƙa'ida, yana da sharaɗi, yana da abin da yake karɓa daga wanda ya gani.

Kayan aikin ma muna da su. Tsofaffin rubuce-rubucenmu na ƙarni na 19 da yawa a kan takardar Italiya aka yi su, mai tambarin jinjirin wata uku da ke fitowa in an ɗaga ta ga haske. Jaruma ta yi mafarkin jinjirin wata uku a jere, ta wayi gari ta ɗaga shafin ajamin kakanta a bakin taga, ta gan su.