Naman da aka ce ba ya son yaji

Magana ɗaya ce ta jawo wannan rubutu. A wani gidan gashin nama na masu hannu da shuni a Tokyo, wani Alhaji ɗan kasuwa da ya zo daga Kano ya nuna wa mai masaukinsa ɗan Japan hoton tsire a waya, ja wur da ƙuli da yaji. Mutumin ya duba, ya yi ɗan murmushin nan nasu na ladabi, ya ce a wurinsu nama mai kyau gishiri kawai yake so, wanda aka lulluɓe da kayan yaji kuwa akwai abin da ake ɓoyewa. Alhaji ya yi dariya ya bar zancen, don baƙo ba ya jayayya a kan akushin mai gida. Amma maganar tana bukatar amsa, kuma kafin a amsa ta sai an san abin da mutumin yake taƙama da shi.

Wannan irin gashi sunansa yakiniku, wato gasasshen nama. Babu mai nama a tsaye kan tukuba. Kowane teburi da murhunsa a tsakiya, a nutse cikin katako, da ragar ƙarfe a kai, kuma akwai ƙananan ramuka a gefen murhun da ke zuƙe hayaƙi ƙasa, shi ya sa mutum zai shiga da farar shadda ya fito babu ƙauri. Manyan gidaje suna amfani da gawayin da ake kira binchotan, na wani icce mai tauri daga yankin Wakayama, wanda in ka ƙwanƙwasa biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Ba ya harshen wuta, ba ya wari, yana daɗewa da zafi. Kana zama za a miƙo maka jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi na goge hannu da rigar takarda ta tare maiƙo. Ba a faɗo wa irin wurin nan haka kawai, sai an kama teburi tun da kwanaki, yawanci na awa biyu. Jerin abincin mutum ɗaya yakan kai yen (kuɗin Japan) 15,000 zuwa 30,000, ban da abin sha. Ba a ba ma'aikaci tukuici, in ka bar canji zai biyo ka da shi har bakin titi.

Naman na shanun wagyu ne, wato shanun nama na Japan. Iri huɗu ne, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari baƙaƙen nan ne da ake kira Kuroge. Ba su da tozo. Ba sa zuwa kiwo yadda muka sani, a turke suke suna cin hatsi da karan shinkafa har su kai wata 28 zuwa 32, shi ya sa kitsen ba ya tsayawa a gefe, yana ratsa tsoka ne zare-zare. Bayan an yanka, masu tantancewa suna tsaga gawar tsakanin haƙarƙari na shida da na bakwai su duba. Harafin A, B ko C yana nuna yawan naman da za a samu ne kawai, ba daɗi ba, abin da baƙi da yawa ba su sani ba ke nan. Lambar 1 zuwa 5 ita ce ta inganci: yadda kitse ya ratsa, launin nama, taurinsa, da launin kitsen, kuma wanda ya fi ƙasa a cikin huɗun shi ke yanke hukunci. Ratsin kitsen ma yana da ma'auninsa daga 1 zuwa 12, sai ya kai 8 ake ba shi lamba 5. Naman Kobe da ake ta yayatawa dole ya zama na jinsin Tajima, haifaffe kuma kiwatacce a jihar Hyogo. Tun bayan ɓullar cutar haukan shanu a 2001 aka yi doka kowace saniya tana da lamba mai alƙaluma goma a kunne, kuma wasu gidajen za su nuna maka lambar naman da ke gabanka, ka shiga intanet ka ga ranar haihuwarta da gonar da ta tashi. Wannan kam sai a sara musu.

Cin naman yana da tsari, kuma tsarin yana da dalili. Ana farawa da harshe, an yanka shi siriri da gishiri, ana matsa masa lemon tsami. Dalili shi ne raga tana da tsabta a farko, kuma harshe ba shi da ƙarfin ɗanɗano, in aka gasa shi bayan nama mai romo zai kwashi ƙonannen sukari. Ka shimfiɗa shi, ka jira sai ruwa ya fara tsattsafowa a samansa gefen ya ɗan naɗe, ka juya sau ɗaya, daƙiƙa goma, ka ɗauke. In wanda aka ɗora wa yankakken ganyen albasa ne, ba a juya shi sam, ana ninke shi ne. Daga nan sai jan nama mai gishiri, sannan masu kitse: zabuton da misuji daga kafaɗa, karubi daga haƙarƙari. Akwai wata tsoka da ta raba ƙirji da ciki wadda suke kira harami. Duk Bahaushen da ya ji sunan sai ya ɗago kai, amma babu ruwan kalmar da haram, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da naman da bakinmu ya saba da shi, tana da abin taunawa. Faranti ɗaya bai fi giram 80 zuwa 100 ba, yanka huɗu ko biyar. Akwai kuma faffaɗan yanka na gadon baya, siriri kamar mayafi, wanda ma'aikaci kan zo ya gasa da kansa, daƙiƙa uku zuwa biyar kowane gefe, ya naɗe, a tsoma a ɗanyen gwaiduwar ƙwai a ci da lomar shinkafa. Kayan ciki, horumon, su ne a ƙarshe: hanji ana fara gasa gefen fatar har ya soyu, sannan a ɗan juya gefen kitsen. A rufe da taliya mai sanyi a cikin romo mai sanyi.

Kurakuran baƙo sanannu ne. Na farko shi ne zuba faranti duka a kan raga lokaci ɗaya. Zafin raga ya faɗi, naman ya yi ta zubar da ruwa ya dahu maimakon ya gasu, ko kuma kitse ya tsiyaya kan garwashi wuta ta tashi ta baƙanta komai da ƙauri. Yanka ɗaya ko biyu ga kowane mutum, shi ke nan. In wuta ta tashi, a janye naman gefe a ɗora ƙanƙara ɗaya a kan raga. Na biyu shi ne yawan juyawa da danna nama, wanda ke matse daɗinsa. Na uku shi ne gasa shi har ya bushe yadda muka saba: kitsen wagyu yana narkewa da ɗan zafi kaɗan, ko a tafin hannu ma yana laushi, in ka daɗe sai kuɗinka su tsiyaye cikin gawayi. In raga ta yi baƙi ka ce a canja, ba abin kunya ba ne. Ɗanyen nama kuma da ɗan matsen ƙarfe ake ɗaukarsa, ba da sandunan cin abinci ba. Ba wasa suke da wannan ba tun 2011 da mutum biyar suka mutu bayan cin ɗanyen naman shanu a wasu gidajen gashi, har aka hana sayar da hantar shanu don a ci ɗanya a 2012.

Musulmi yana da nasa lissafin daban. Yanka shi ne na farko. Na biyu romon da ake jiƙa nama a ciki, tare, wanda galibi akwai giyar shinkafa da mirin a cikinsa, shi ma mirin ɗin barasa ne. Na uku, gidaje da yawa suna sayar da naman alade a jeri ɗaya. Akwai gidajen yakiniku na halal a Tokyo da Osaka da Kyoto, da mayankan da ke da shaidar halal, don haka a tambaya tun wurin kama teburi, ba sai faranti ya iso ba.

To, mu koma kan maganar gishiri. Shi kansa wannan romon tare, me ke cikinsa? Ruwan waken suya, sukari, tafarnuwa, riɗi. Rabin naman da ke teburin a jiƙe yake da shi, ga kimchi, wato tsimammen kabeji mai barkono irin na Koriya, a gefe. Ashe su ma suna lulluɓewa, tasu lulluɓar ce dai mai zaƙi. Kuma wannan gashi ba tsohon gado ba ne a wurinsu. A shekara ta 675 sarki Tenmu ya hana cin naman shanu, aka shafe ƙarnuka ana ƙyamarsa, sai a 1872 sarki Meiji ya ci aka sanar wa jama'a. Yakiniku yadda yake a yau bayan 1945 ya bunƙasa, a hannun 'yan Koriya mazauna Japan, a unguwanni irin su Tsuruhashi ta Osaka, suna gasa kayan ciki. Kalmar karubi ma daga yaren Koriya ta fito. Ban faɗi haka don raini ba, sun karɓi abu sun goge shi har ya yi ƙyalli. Amma wanda kakanninsa suka yi shekara fiye da dubu suna kau da kai daga nama ba shi ne zai koya wa jikan Sarkin Fawa abin da nama yake so ba.

Gaskiyar da ba a faɗa a teburin nan ita ce wagyu ya riga ya gama wa mai gashi aiki. Naman da kusan rabinsa kitse ne, ko yaro ya ɗora shi a wuta zai yi laushi. Yanka na farko zai sa ka lumshe ido, ban musa ba. Na biyar kuwa maiƙo ya fara hawa kai, kana neman shinkafa da lemon tsami su cece ka, abin da ya sa faranti yake ƙarami ke nan. A ba masanin gashin Tokyo cinyar bunaji ko rahaji da ta tako daga daji zuwa kasuwar Wudil ko Mai'aduwa, aka yanka da safe, babu kwana goma a ɗakin sanyi, a ce ya mai da ita abin da tsoho mai haƙori biyu zai ci da magariba. Nan ake gane gwani. Mai tsire yana bin tsoka da wuƙa ya zare jijiya, ya feɗe ta shimfiɗe daidai kauri, ya san tazarar tsinke da wuta, ya san lokacin yayyafa man gyaɗa. Ƙulin ba ɓoye komai yake yi ba, shi ne yake yin aikin da kitse ke yi wa wagyu: yana riƙe ruwan nama, yana ba shi ɓawo. In kitse ake so kuma, muna da tozo, wanda duk shanunsu babu mai shi. Balangu ma ai gishiri ne da hayaƙin icce, yaji a gefe yake, wanda ya so ya dangwala.

Na san za a ce ina tsabta, ina sanyi, ina takardar siminti da tsohuwar jarida. Haka ne, kuma da mayankanmu za su samu ko rubu'in tsarin nan da an huta da ciwon ciki da yawa. Sai dai lamba mai alƙaluma goma tana gaya maka tarihin saniya ne, ba ta san ka ba. Mai naman unguwarku ya san mahaifinka ba ya son hanta, ya san ranar da albashi bai shigo ba. Kafin ka yi ciniki ya yanko ɗanɗano ya miƙo a bakin wuƙa, in ka ce na dubu biyu ya ƙara maka gyara. A gidan yakiniku kuwa za a yi maka ruku'u har ƙofa, amma yanka biyar ɗin nan biyar ne, kuma kowane teburi a killace yake da labule ko bango, ba ka ganin wanda za ka ce wa bismillah. Kafin awa biyu ta cika za a zo a sanar da kai cikin ladabi cewa lokacin odar ƙarshe ya yi.

Masu shirin zuwa kuma su sani: Japan ba ta yarda a shigo da nama ko abin da aka yi da nama a jaka ba, ko busasshe ne. Kilishi da dambun nama duk a filin jirgi za su tsaya, akwai karnuka masu sansana kaya, kuma tun 2020 hukuncin ya kai tarar yen miliyan uku ko ɗaurin shekara uku. Kada wata Hajiya ta cusa wa ɗanta a ƙasan akwati don tausayi. Garin yaji da ƙuli da babu nama a ciki shi ne abin da ake iya kawowa, a nuna shi a wurin bincike. A ɗaure shi a leda biyu, a ajiye a firji don man ƙulin kada ya yi ɗaci, a riƙa ɗiba da ƙaramin cokali. Harami na halal daga shagunan unguwar Shin-Okubo ta Tokyo, in an feɗe shi siriri aka barbaɗa masa, yana kusa da na gida.