Wanzami ba ya son jarfa: nasiha ga ƙannena ma'aikatan asibiti

Makon jiya na tarar da wata yarinya ungozoma a ɗakin haihuwa ta jingina da bango, idanu jajur, jiki kamar garwashi. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Anti, maleriya ce kawai, na sha magani, na ma sa an yi mini allura." Da na matsa mata da tambaya sai ga shi kwanaki ke nan zazzaɓin bai sauka ba, maƙogwaro na ciwo, kuma a haka take karɓar haihuwa, a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ya san zazzaɓin Lassa ke tashi. Na sa aka cire ta daga aiki aka ɗebi jininta, ita kuwa har da kuka, wai na tona mata asiri.

Ƙannena, wace irin ɗabi'a ce wannan muka ɗauka? Mu ne ke yi wa mutane faɗa don sun zauna da ciwo a gida suna ta sayen magani a kemis, amma ranar da jikinmu ya yi zafi sai mu zama likitocin kanmu. A sha maganin maleriya, in bai yi ba a ce taifod ce, a kira abokin aiki ya zo gida ya ɗaura ƙarin ruwa, da safe a saka farin kaya a koma kan marasa lafiya. Kullum muna ɗibar jinin jama'a, namu kuwa ba mu yarda a ɗiba. Wanzami ba ya son jarfa.

Kun karanta a makaranta, amma bari in maimaita. Farkon Lassa ba shi da bambanci da zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Zubar jinin da kuke jira ku gani kafin ku yarda, sai ciwo ya yi nisa yake zuwa, kuma ba kowa yake yi wa ba. Cutar kan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, don haka majinyacin da ya shafa miki ita ƙila kin manta fuskarsa. Maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi amfani idan aka fara shi cikin kwana shida na farko. To waɗannan kwanakin su ne kuke ƙonawa a ɗaki kuna canza maganin maleriya. Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa ma, wani da kurumta yake tashi.

Tun ranar da aka san cutar nan ma'aikatan lafiya take ci. A 1969, a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ma'aikaciyar jinya ta mishan Laura Wine ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa a Jos, ta rasu. A watan Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan aikin tiyata da aka yi wa wata mai juna biyu, a Fabrairun 2024 kuma ma'aikata uku suka rasu a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Ban jingina wa ko ɗaya daga cikinsu sakaci ba, a bakin aiki ajali ya same su suna ƙoƙarin ceton rai. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Na san abin da ke sa ku ɓoyewa, ni ma a cikin gidan nake. Wata tana tsoron a ce an killace ta, labari ya kai gidan surukai, a daina cin abincin hannunta. Wani ɗan sa-kai ne ko na wucin gadi, ranar da bai zo ba babu ko sisi, kuma akwai goma a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa. Wata ita kaɗai ce ungozoma a asibitin ƙauye, in ta kwanta an rufe ɗakin haihuwa ke nan. Duk gaskiya ne, kuma shugabannin da ke kallon mai neman hutun rashin lafiya kamar maƙaryaci suna da kaso babba a wannan alhaki. Sai dai ki faɗa mini, albashin kwana nawa ne zai biya ran jaririn da kika karɓa da zazzaɓi a jikinki? Abokiyar aikin da ta zo gida ta sa miki allura hannu tsirara saboda amana, ita da 'ya'yanta fa? Uwarki da ke wanke miki kwanon amai fa?

Tun da na ambaci hannu tsirara, wannan ma wani ciwon ne. Maƙwabci ya buga ƙofa da dare, "Malama, a taimaka a duba Baba," sai a tafi ba safar hannu, wai kar a ce ana ƙyamar dattijo. A asibiti ma in ɗan'uwa ko mai unguwa ya zo sai a cire takunkumi don kara. Ga wayar salula, da safar da aka taɓa jini ake ɗaga ta, a kai ta kunci, da dare a miƙa wa yaro ya yi wasa. Masu kwashe safar gwamnati su kai kemis ɗinsu kuwa, har a ce wa mai naƙuda ta sayo, Allah na ganinsu. Sabo turken wawa.

Kada wanda ya ce mini tawakkali ne. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka yi masa magana ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Waye a cikinmu ya fi shi imani? Zuwa aiki da zazzaɓin da ba a gwada ba jefa bayin Allah cikin haɗari ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ina tuna manyan da suka koyar da mu. Kafin a karɓi aikin safe sai sista ta duba farce, ta duba hula, ta kalli idon kowa. In ta ga kina lumshewa sai ta sa bayan hannu a goshinki, ta rubuta miki takarda zuwa wurin likitan ma'aikata, kuma babu wadda ta isa ta yi musu. Akwai kwanon ruwa da sabulu a bakin kowane ɗaki, famfo na kawo ruwa, ana tafasa kayan aiki a kan idon babba. Yanzu babbar tana ofis tana cike takardu, ƙaramar tana tsoron ta ce ba ta da lafiya, famfon ya bushe sai ruwan jarka daga 'yan garuwa, kowa ya iske wani yana rawar sanyi sai ya ce masa sannu ya wuce.

Don Allah, 'yan'uwana, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ku faɗa. Ku gaya wa na gaba da ku, ku miƙa hannu a ɗebi jini, ku zauna a gida nesa da yara har sakamako ya fito. Wanda ya ga abokin aikinsa a haka shi ma ya faɗa, ko da za a yi wata guda ba a gaisawa.