Ranar da dokina ya fi kowa gudu

Ni tela ne a Maradi, kuma duk sanin da na yi wa doki bai wuce na hawan Sallah ba: a sake masa linzami, ya zabura, ƙura ta tashi, mata su yi guɗa. A wurina dokin da ya riga kowa isa shi ne gwani. Da wannan ilimin na shiga caca.

TikTok ce ta haɗa ni da mutumin. Kullum yana jingine da wata farar mota, da baƙin tabarau ko da dare ne, yana fifita da damin 'yan jika goma-goma. Faransanci yake yi yana yayyafa masa Hausa. Ya ce yana da ɗan uwa mai share barga a Faransa, wanda ke sanin dokin da ya kwana da ciwon ciki da wanda ya tashi da ƙarfinsa. Duk mai son sirrin ya aiko jika biyar a sa shi a rukunin VIP na WhatsApp. Kwana uku ina kallo ina cewa Allah ya shirya. A na huɗu na aika.

Kuɗin kuwa ba nawa ba ne. Wata Hajiya ce ta ba ni jika talatin na kayan ɗinkin ankon bikin 'yarta. Na ce wa zuciyata ai aro ne, kafin la'asar sun dawo da 'ya'yansu.

Ranar Lahadi saƙo ya shigo: tseren filin Vincennes na birnin Paris, mita 2,700, a riƙe lamba 7 gam, sauran huɗun kuma ga su. Wasan da ake kira kinte ke nan, sai ka faɗi dawaki biyar da za su fara isowa. Akwai tiyarse mai dawaki uku, wanda Faransawa suke bugawa tun 1954, amma mutumin ya ce wannan na matsorata ne. Ni kuwa ba matsoraci ba ne. Na rufe fuska da rawani, wai sanyi, na je rumfar da ake yankar tikiti na zube jika goma sha biyar.

A teburin mai shayi muka kalla, mu kusan goma a kan waya ɗaya. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne babu wanda ya hau doki. Kowane doki yana jan wani ɗan amalanke mai ƙafa biyu, matuƙin ya zauna ya baje ƙafafu, wutsiya na share masa fuska. Aka tashi, sai na ga duk sassarfa suke yi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar masu sauri su riski jam'i. Na ce yau ga ragwayen dawaki, da a gabanmu ne ko yaran sarki ba za su hau su ba.

Can a kwana ta ƙarshe sai lamba 7 ya tuna shi doki ne. Ya ɗaga wuya, ya ware ƙafafu, ya saki sukuwa irin ta gaban fada. Ya wuce na uku, ya wuce na biyu. Matuƙinsa ya kwanta baya yana ta ja masa linzami, ni kuma ina ihu: "Sake shi, ɗan baƙin ciki! Sake shi!"

Na yi tsalle, kofin shayi ya kife a cinyar wani ɗan kabu-kabu. Na ce ya yi haƙuri zan ɗinka masa sabon wando. Na ce wa mai shayi ya soya wa kowa ƙwai uku-uku da burodi. Na kira uwargida.

"Tsohuwar katifar nan, ki ba almajirai yanzu-yanzu. Yau a kan sabuwa za mu kwana."

"Maigida, lafiya?"

"Ke dai yi abin da na ce."

Duk wannan bidirin, wani dattijo tsohon ma'aikaci da ke ƙarshen benci bai ko motsa ba. Sai da na ajiye waya ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗana, zauna. An kore shi."

"Wa aka kora, Baba?"

"Dokinka. Wannan tseren sassarfa ne. Wanda ya yi sukuwa alƙalai sun fitar da shi, ko da shi ya fara isowa. Ba ka ga matuƙin yana neman tsayar da shi ba?"

Na ce wace irin ƙasa ce ake hukunta doki don ya yi gudu? Ya ce shi ma shekara talatin ke nan yana wannan tambayar, kuma har yau a gidan haya yake.

A lokacin ƙwai ashirin da bakwai sun riga sun shiga kasko.

Ana cikin ci, kuma wallahi babu wanda tausayi ya hana shi ci, sai ɗan kabu-kabun ya leƙo tikitina ya ce, "Kai 7 ya ba ka? Ni 11 ya ba ni." Ya nuna min wayarsa: mutum ɗaya, tabarau ɗaya, amma rukuninsa VIP 2 ne. Yaron mai shayi ya sunkuyar da kai ya ce shi yana VIP 5, lamba 4 aka ba shi. Ashe bawan Allah raba dawakin yake yi kamar naman suna, kowane rukuni da nasa kason. Dole wani ya dace. Da magariba kuwa sai ga shi a jikin farar motar yana ɗaga hoton tikitin da ya ci, yana cewa wanda bai shiga VIP ba shi ya so talauci.

Na rubuta masa cewa dokin da ya ba ni an kore shi. Kafin in sa alamar tambaya ni ma an kore ni.

Na biya mai shayi da ragowar kuɗin Hajiya. A hanya ina ta addu'a Allah ya sa uwargida ta yi min gardamar da ta saba. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa cewa ta yi abu ta yi shi nan take ba sai ranar. Tun daga bakin lungu na hango almajirai huɗu ɗauke da katifata a ka, suna sa min albarka.

Watan Janairu ne, hunturun Maradi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na ba ta labari tun daga farar mota har ƙwai. Ba ta ce uffan ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ja bargon guda ɗaya ta naɗe da shi, ta juya wa bango fuska.

"Maigida, tashi ka kashe fitila. Amma da sassarfa, kada a kore ka."