Takunkumin ECOWAS a kan Nijar: wa aka hukunta?

Jiya da daddare a wajen mai shayi gardama ta sarƙe kan Nijar da ECOWAS, har wani abokina ya kira ni ɗan amshin shatan sojoji. Na ce masa zai ga amsarsa a rubuce, tunda a can kowa muryarsa kaɗai yake ji.

Ni ba na goyon bayan juyin mulki. Abin da Janar Abdourahamane Tchiani ya yi ranar 26 ga Yulin 2023 ƙwace ne, tsare Shugaba Mohamed Bazoum da matarsa ba shari'a kuma zalunci ne. Amma laifin sojoji bai wanke gaggawar da ECOWAS ta yi ba.

Kwana huɗu da juyin, shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Tinubu. Suka rufe iyakoki, suka hana jirage, suka ƙulle kuɗin Nijar, suka ba da wa'adin mako guda ko a ji ƙarar bindiga. Najeriya ta ɗora da yanke wuta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga wajenmu yake zuwa. To, don Allah, Tchiani ya kwana a duhu? Fadar shugaban ƙasa ba ta rasa janareta. Mai walda a Dosso ne ya rufe shago, mai ƙanƙara a Yamai ta karye, majinyaci ya zauna jiran maganin da ya maƙale cikin mota a bakin gadar Gaya. Tarayyar Turai da Faransa su ma suka janye tallafi, har gwamnatin sojin ta zaftare kashi 40 cikin ɗari na kasafin kuɗin 2023. Ba sai an gaya maka aljihun wa aka fara taɓawa ba.

A nan gida kuwa, kawuna fataucin wake yake yi tsakanin Maraɗi da Dawanau tun ban san kaina ba. A watannin nan motarsa ta yi ta zama a Jibiya har ƙwari suka cinye rabin kayan. Yana kallo 'yan babur suna bi ta ɓarauniyar hanya da buhu bibbiyu, suna ajiye na goro a kowane shinge. Kaya bai daina tsallakawa ba, tsada ya ƙara, ribar kuma ta koma hannun ɗan fasa-ƙwauri da mai karɓar cin hanci. Mun ga irin wannan lokacin da Buhari ya rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, amma kamar ba a yi ba.

Wanda ya zauna a ofis ya yanke wannan hukunci bai san iyakar nan ba. Kusan kilomita 1,500 ce, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi har Borno. Illela da Birnin Ƙonni kasuwa ɗaya suke ci. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa. Shi ya sa da aka fara maganar yaƙi Majalisar Dattawa ta ƙi, kuma waɗanda suka samu aka buɗe musu ƙofa a Yamai su ne irin su Sarki Sanusi da tawagar malamai ta Sheikh Bala Lau, daga baya Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi. Zumunci ya yi abin da barazana ta kasa.

Ƙarshenta fa? Satumbar 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka ce sun fita daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu ECOWAS ta ɗage takunkumin, Bazoum yana nan a tsare. Ba tsuntsu ba tarko. Sojojin kuma sun samu wanda za su riƙa ɗora wa laifin kowace yunwa.

Abin da ya dame ni yanzu shi ne zaman da ake yi ba rubutu. Da ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da barin kaya su wuce har sai an sake sanarwa. Alfarma ce wannan, ana iya janye ta da safe ɗaya. Ga shi a Maris na 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shigar mata daga waje. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, amma a 2017 aka zauna aka sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da ciniki. Me ya hana a yi wa Nijar irinta, a ware maganar kasuwa da zirga-zirga daga rigimar masu mulki?

Ana can ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da bashin da mu za mu biya. Kawu ya tambaye ni ko ranar da jirgin ya fara aiki da wace takarda wakensa zai tsallaka. Na ce masa, Kawu, bari in tambayi masu kare ECOWAS na wajen mai shayi.