In NSITF ta ƙi biyan diyyar nakasa, magana ba ta ƙare ba

Abin yana damuna. Ma'aikata da yawa a Kano sun ɗauka in NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, ta ƙi biyan diyyar nakasa, shi ke nan, tunda hukumar gwamnati ce. Ba laifinsu ba ne, ba a yi musu bayani ba.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ka kwana 180 ka rubuta wa hukumar ta sake duba hukuncinta. In ba ka gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano.

Misali, wanda inji ya cinye wa yatsu a unguwar masana'antu ta Sharaɗa ya adana takardar ƙin biyan, da rahoton likita, da shaidar ya sanar da kamfani. In ya bar kwanakin suka wuce yana jiran wani ya sa baki, damar ta kuɓuce masa.